Burodin A.G.

Mai fenti yana saman tsani, yana auna allon gidan burodin da taƙin hannunsa, lokacin da Gidiyon ya fito daga ɗakin tanderu da tsumma a kafaɗa. Allon ya tsufa. Ruwa da rana sun cinye shuɗin da ke jikinsa, amma manyan haruffan nan biyu suna nan daram: A.G. Mutumin ya ɗora babban yatsansa a bayan A, ya miƙa na tsakiya iya miƙewarsa, sannan ya girgiza kai.

Gidiyon ya tambaye shi abin da yake aunawa. Mai fentin bai ko sauko da idonsa ba. Ya ce maigida ne ya sa shi, za a rubuta sunan cikakke, kuma da alama sai an yi sabon allo, domin Abdulrahman kaɗai zai cinye fiye da rabin wannan.

"Bayan Abdulrahman ɗin kuma sai me?"

"Garba mana. Abdulrahman Garba. Ba sunan marigayin ke nan ba?"

Sunan marigayin ke nan, babu mai musu. Alhaji Abdulrahman Garba, wanda duk Badarawa ke kira Alhaji Abdu mai burodi, ya rasu a farkon damina, kuma ba a daɗe da yin sadakar arba'in ɗinsa ba. Abin da mai fenti bai sani ba shi ne, G ɗin da ke kan allon ba Garba ba ne. Gidiyon ne, wannan dattijon da ke tsaye a gindin tsani, wanda fulawa ta ƙara wa furfura a gira.

Faɗa da ɗan aike ɓata yawu ne. Gidiyon ya goge hannunsa, ya tsaya yana kallon haruffan, zuciyarsa tana tafasa irin tafasar da rabonsa da ita tun yana saurayi.

Shi da Abdu sun haɗu ne a wani gidan burodi a Kawo suna samari, shi a bakin wuta, Abdu a kan keke yana raba wa masu shayi. Abdu yana da baki, yana kuma da wani kangon fili da ya gada a Badarawa. Gidiyon yana da hannu, yana da gonar da mahaifinsa ya bar masa a Zonkwa, wadda ya sayar, danginsa suka yi shekaru ba sa amsa gaisuwarsa saboda ita. Da kuɗin gonar aka gina tanderu a filin Abdu. Ranar da aka fara hura masa wuta, Hafsatu, wadda take amaryar Abdu a lokacin, ta kawo musu tuwo da miyar kuka a kwano ɗaya, suna ci suna gardamar sunan da za a sa. A ƙarshe suka tsaya a kan harafin farko na sunan kowannensu. Takarda kuwa ba su yi ba. A wancan zamanin, in ka ce wa abokinka ya zo ku sa hannu a takarda, ka kira shi ɓarawo ke nan.

Haruffan suka shiga gari a jikin leda, kowa ya fassara su yadda ya ga dama. 'Yan makaranta suka ce Akwai Garɗi. Masu shayi, waɗanda kullum suna da abin faɗa, suka ce Allah Gatana. Masu wasu gidajen burodin da ciniki ya guje wa suka ce Asarar Gari. A Badarawa da Unguwar Dosa yawancin mutane sun ɗauka Abdu Garba ne kawai. A tsallaken gada kuwa, Sabon Tasha da Narayi, unguwannin da Kiristoci suka fi yawa, inda Gidiyon ke raka motar rabo, wata mata ta taɓa cewa ai Albarkar Gicciye ne, maganar kuma ta zauna. Su biyun duk sun san wannan. Abdu yakan yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce a bar kowa ya ci da ma'anarsa, muddin zai dawo gobe. Haka suka mai da shiru ya zama dabarar ciniki: wanda ya tambaya a yi masa murmushi, wanda ya faɗi tasa a ce masa madalla.

Sau ɗaya tak aka taɓa tilasta musu yin magana. A shekarar da garin ya rikice, aka riƙa ƙona shaguna ana tambayar mutum addininsa kafin sunansa, wasu samari suka zo da rana tsaka da jarkar fetur, wai sun ji gidan burodin na Kirista ne. Abdu ya tsaya a bakin ƙofa yana rantsuwa, ba su saurare shi ba. Malam Datti ne, malamin makarantar allo da ke ƙarshen layin, ya shiga tsakani. Ya ce a fito da mutumin da ke ciki ya faɗa da bakinsa, in ya ce ba shi da komai a gidan, shi Datti ya tsaya masa. Gidiyon ya fito. A gaban rabin mutanen layin ya ce shi ɗan aiki ne, gidan na Abdu ne shi kaɗai, A Abdu, G Garba. Malam Datti ya rantse wa samarin da Allah a kan wannan magana, suka wuce da jarkarsu.

Bayan ƙura ta lafa, Kiristocin unguwar suka yi ta kwashe kayansu suna ƙetare kogi. Gidiyon bai tafi ba, don tanderu ba ya shiga mota. Abdu ya ci gaba da raba riba biyu duk ƙarshen wata, a ɗaki, ƙofa a rufe. Sun sha cewa wata rana, in gari ya yi sanyi sosai, za su gyara maganar a gaban mutane. Garin bai taɓa yin sanyin da ya ishe su ba, ko kuwa dai su ne ba su taɓa matsawa ba, har Abdu ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci wata safiya.

Yanzu Khalid, babban ɗan Abdu, shi ke kan kujerar uban. Ya yi karatun kasuwanci, ya yi 'yan shekaru a Abuja, ya dawo da kwamfuta da takalmi mai tsini. Gidiyon ya goya yaron nan a wuya, ya sha ɓoye masa gefen burodi mai ƙuna saboda shi yake so. Da ya tura ƙofar ofishin, Khalid bai ce masa ya zauna ba.

"Khalid, wa ya ce a taɓa allon nan?"

"Ni na ce, Malam Gidiyon."

Malam. Tun yaron yana koyon magana Baba yake ce masa, yau kuma an koma Malam. Gidiyon ya ji kalmar, ya haɗiye ta.

Khalid ya yi masa bayani yana juya biro a hannu. Bayan sadakar arba'in Malam Datti ya kira shi gefe. Wani ɗan'uwan malamin da ke tuƙa keke napep ya sauke fasinja a Sabon Tasha, ya ji mai shago tana kiran burodinsu Albarkar Gicciye, kuma duk layin haka suke kiransa. Maganar ta shiga wayoyin mutane. Masu shayi biyu sun riga sun daina karɓa, wani liman ya aiko yana tambaya. Shawarar Malam Datti ita ce a rubuta sunan ɓaro-ɓaro a allo da leda, kowa ya huta.

"Kai ka ce wa mutanen can sunan burodin ke nan?" in ji Khalid.

"Ban taɓa faɗa ba."

"Ka taɓa hana su?"

"Babanka ma bai taɓa hana su ba. Ya sani sarai, dariya yake yi."

"Kada ka sa babana a cikin wannan. Yana kabari."

Gidiyon ya dafa bayan kujerar da ba a ba shi ba. Maganar da ya yi shekaru yana riƙe da ita ta fito masa a bushe, ba yadda ya taɓa tsara ta ba.

"G ɗin nan ni ne, Khalid, ba Garba ba. Ni da babanka muka kafa gidan nan, rabi da rabi. Gonata ce tanderun da kake jin zafinsa a bayanka."

Khalid bai yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai ƙona ran Gidiyon. Ya ajiye biron, ya ce dama an gargaɗe shi cewa da zarar an yi arba'in masu da'awa za su fara fitowa, amma bai zaci daga cikin gida za a fara ba. Ya tambayi takarda, babu. Ya tambayi shaida, bai ma jira amsa ba. Sai ya ce to shi yana da shaidu, rabin dattawan layin nan, waɗanda suka ji da kunnensu ranar da wani ya tsaya a bakin ƙofar nan ya ce shi ɗan aiki ne.

"Da fetur a hannunsu, Khalid."

"Ni ban ga fetur ba, ina ɗan firamare. Abin da na tashi na ji ke nan. Ko dai ka yi ƙarya ran nan, ko yau kake yin ta. Kai za ka zaɓa, amma ko wacce ka zaɓa, ka ga ba mutumin da zan raba gadon ubana da shi a kan maganar bakinsa ba ne."

Sannan ya sassauta murya, irin sassaucin da ya fi tsawa ciwo. Ya ce ba wanda zai kore shi. Zai ci gaba da zama shugaban masu gashi, a yanka masa albashi mai kyau. Abin da Alhaji yake ba shi a ƙarshen wata kuwa kyautatawa ce irin ta Alhaji, wanda kowa ya san hannunsa a sake yake, kuma kyautatawa ba ta shiga rabon gado.

Gidiyon ya fita bai rufe ƙofar ba. Ya tsallaka titi zuwa teburin mai shayi, inda Malam Datti yake zama kullum da hantsi bayan ya sallami ɗalibansa. Malamin ya tsufa, gemunsa ya yi fari fat, amma idonsa bai rage kaifi ba. Ya saurari Gidiyon har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce masa ya yi hattara da abin da yake faɗa.

"Ni na tsaya na rantse da sunan Allah a kan maganarka, na hana a ƙone ka. Yau kana so ka ce mini rantsuwar ƙarya ka sa ni? Ka je ka yi tunani, Gidiyon. Kwaɗayi ba ya yi wa tsoho kyau."

Ya juya ya ci gaba da hirarsa da mai shayi, ya bar shi tsaye. Gidiyon ya tsani mutumin a wannan lokacin, kuma ya tsani kansa da ya tsane shi, domin gaskiya ne, ba don shi ba da tuni an manta da inda aka binne tokarsa.

Saura mutum ɗaya a duniya da ya san yadda aka yi. Bayan la'asar Gidiyon ya wanke fuskarsa, ya sa riga mai tsabta, ya nufi gidan Alhaji. Hajiya Hafsatu tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta zama da mazan da ba muharramanta ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar falo, ita tana ciki bayan labule. Ƙafafunta kawai yake gani, babu lalle, babu komai.

Ya yi mata ya haƙuri, ta ce sun gode Allah. Ta tambayi Asabe, 'yarsa da ke aikin jinya a Barnawa, ya ce tana lafiya. Ya san ta san abin da ya kawo shi, don Khalid ba ya ɓoye mata komai.

"Hajiya, ke kika kawo mana tuwon ranar da muka sa sunan."

Labulen bai motsa ba. Can ta ce, "Na tuna, Baban Asabe. Har kwanon na tuna."

Wani sanyi ya ratsa shi, har ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya ce to alhamdu lillahi, kalmar da ya koya a bakin Abdu har ta zama tasa. Ba ya neman ta fita ko ta je gaban alƙali. Ɗanta kawai za ta kira ta gaya masa, a cikin ɗakin nan, tsakaninta da shi.

Da ta fara magana, muryarta a daidaice take, kamar wadda ta riga ta gama shawara da kanta tun kafin ya zo. Ta ce in ta faɗa wa Khalid, ba za ta tsaya a ɗaki ba, sai ta kai ga masu rabon gado, daga nan ta kai masallaci. Gobe duk Badarawa za a ce Alhaji ya yi shekara da shekaru yana yaudarar Musulmi, ya sa malami rantsuwar ƙarya, ya bari ana sayar da burodinsa da sunan gicciye. Tana da 'yan mata biyu da ba su yi aure ba, ɗaya an riga an kawo kayan sa rana. Mutumin yana kabari, ba zai iya tashi ya kare kansa ba.

Gidiyon ya ce zai jira ta fita takaba, ƙila zuwa lokacin hankalinta ya kwanta.

"Ko na fita babu abin da zan ce. Kada ka jira ni." Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara da murya mai kaushi wadda bai taɓa jin ta da ita ba. "Kuma kada ka zo mini nan kamar kai kaɗai aka zalunta. Sau nawa na ce wa Alhaji ku gyara abin nan? Ku biyu kuka ji daɗin shirun. Da shi ka rayu, da shi ka aurar da 'yarka. Yanzu da ya juyo kanka, ni ce zan biya?"

Ya tashi ya naɗe tabarmar da kansa, ya jingine ta a bango, ya ce Allah ya ji ƙan Alhaji. Ta ce amin daga bayan labule.

Aka kafa sabon allo, dogo, kore da fari, ABDULRAHMAN GARBA daga wannan kusurwa zuwa waccan. Aka buga sabuwar leda. Malam Datti ya zo ya yi addu'a, masu shayin da suka yi yaji suka dawo, Khalid ya riƙa yawo a tsakar gidan hannu a aljihu yana ba da umarnin da ba a buƙata. Gidiyon ya ci gaba da zuwa aiki. Ba don ya haƙura ba, sai don bai san inda mutum mai shekarunsa zai kai kansa da asuba ba in ba bakin tanderu ba. Ya daina raka motar rabo, ya daina gaisawa da kowa fiye da kalma biyu. Ma'aikatan suka lura cewa ya daina ɗanɗana kwaɓi.

Abin da karatun Abuja bai gaya wa Khalid ba shi ne, fiye da rabin burodin gidan a tsallaken gada ake cinye shi. Makon farko mota ta dawo da ɗan saura. Mako na biyu ta dawo kusan yadda ta tafi. Direba ya ce mutanen can suna ɗaga ledar su karanta, su mayar, wasu har da tsaki. Labarin da ke yawo a can shi ne, Musulmi sun ƙwace gidan burodin Baba Gidiyon da ƙarfi bayan sun ga ya tsufa.

Ranar wata Talata da hantsi, keke napep biyu suka tsaya a ƙofar gidan, maƙare da burodi. Daga na gaba Madam Comfort ta fito. Ita ce babbar dilarsu a Sabon Tasha, ita ke raba wa shaguna da makarantu da masu biki, mace mai jiki da murya, wadda ba ta taɓa taka Badarawa ba tun da iyayenta suka bar unguwar a shekarar rikici. Ta sa aka fara sauke kayan a bakin ƙofa, ta ce ba ta zo wurin kowa ba, ta zo ne ta dawo musu da abinsu, ta kuma ga Baba Gidiyon da idonta ta tabbatar yana da rai.

Khalid ya leƙa ta taga ya ga tulin burodin, ya ga masu zaman teburin shayi sun juyo gaba ɗaya suna kallo, har da Malam Datti. Ya shiga ɗakin tanderu da sauri, abin da ba ya yi saboda zafi. Ya ja Gidiyon gefe.

"Baba, don Allah ka taimaka. In matar nan ta tafi, gidan nan ya durƙushe."

Baba ya dawo ke nan. Gidiyon ya dube shi.

"Ka fita ka gaya mata wannan labarin naka."

"Wane labari?"

"Na cewa da kai aka kafa, G ɗin kai ne. Ai ka iya faɗarsa, ran nan saura kaɗan ni ma in yarda. Ka ce mata gidan namu ne mu biyu, sunan kawai aka canza don a girmama mamaci. Amma a hankali, Baba, ka ja ta gefe. Kada na kan benci su ji."

Da a ce mari Khalid ya kwaɗa masa, da ya fi sauƙi. Gidiyon ya ji ƙiyayyar yaron nan ta cika masa ƙirji, ƙiyayya tsantsa, babu sauran tausayin goyo a cikinta. Ya so ya ce ba zai je ba, ya bar shi da burodinsa ya ruɓe a bakin ƙofa. Amma shekara nawa yana jiran ranar da ɗan gidan nan zai ce masa fita ka faɗa? Ga ta ta zo, ko da a karkace. Ya ajiye dogon cebur ɗin da ake zaro gwangwanayen burodi da shi, ya fita.

Bai ja Madam Comfort gefe ba. Ya tsaya a kan dakalin ƙofa, daidai inda ya tsaya a wancan karon, ya ɗaga murya yadda har mai facin taya na can gaba ya dakata da aikinsa.

"Comfort, ki ji, ku ma na kan benci ku ji. Sunan burodin nan ba Albarkar Gicciye ba ne, bai taɓa zama ba. Ba kuma Abdu Garba ba ne. A Abdu ne, G Gidiyon. Filinsa ne, gonata ce. Musulmi ɗaya da Kirista ɗaya, kwano ɗaya muka ci tuwo muka sa sunan. Ranar da na ce ni ɗan aiki ne, tsoro ne ya sa ni. Wannan ita ce gaskiyar, ba ni da wata."

Ya tsaya yana numfashi, ya ji jikinsa ya yi sakayau kamar wanda ya sauke buhun fulawa bayan doguwar tafiya.

Madam Comfort ta ɗaga kai ta karanta allon. Ta dubi Khalid da ke tsaye a bayan dattijon, sannan ta dubi dattijon, fuskarta ta cika da takaici.

"Haba Baba. Da girmanka, da furfurarka, yaro ya shiga ciki ya koya maka abin da za ka faɗa? Ai ina kallo ta taga lokacin da yake maka raɗa. Sun ƙwace maka gida bai ishe su ba, sai sun sa ka fito ka ce da ma rabi nasu ne." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Mu mun san na wane ne. In ka gaji da bauta, ka ƙetaro, akwai ɗaki."

Ta shiga kekenta, ta ce wa direban ya ja. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Daga kan benci Malam Datti ya yi gyaran murya. Gidiyon ya juya yana jiran tsawa, yana ma fatan ta, don mai tsawa aƙalla ya ji abin da aka faɗa. Amma ba shi malamin yake kallo ba, Khalid yake kallo, yana girgiza kai.

"Khalid, ka ji tsoron Allah. Ciniki ciniki ne, amma ba a sa tsohon ma'aikaci ya tsaya a titi yana zabga ƙarya don a riƙe dila. Mahaifinka bai taɓa wulaƙanta bawan Allahn nan haka ba."

Na kan benci suka ce gaskiya ne, wallahi abin tausayi. Wani ya ce shi tun da tsohon ya fara ya gane shiri ne. Khalid ya ba malamin haƙuri, ya ce kuskure ne, ba za a sake ba. Da ya zo wucewa ta gefen Gidiyon ya ce masa ƙasa-ƙasa, haƙoransa a cije, "Na ce maka a hankali." Sannan ya kira ma'aikata su kwashe burodin daga bakin ƙofa kafin rana ta lalata shi.

Wani daga cikinsu ya leƙo ya ce wuta ta yi, ana jiran Baba a zuba na gaba. Gidiyon bai juya ba. Ya sauka daga dakalin, ya tsallaka titi a hankali. Malam Datti ya matsa masa wuri a kan benci, har da share masa ƙura da gefen rigarsa, irin karamcin da ake yi wa wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a. Gidiyon ya zauna, ya ce a haɗa masa shayi.

Mai shayi ya zuba, ya ɗauko wuƙa, ya tambaye shi na Garba zai yanka masa ko na wani kamfanin.

Gidiyon ya ce a ba shi shayin haka.